Katakon da Ba a Ƙonawa

Thoa ta tsoma hannu cikin kududdufin, ta zare da sauri. Wasu kifayen har sun juya ciki sama. Kifayen ado ne 'yan kudu, masu son ruwan ɗumi, waɗanda mijinta Khiem ya mutu ya bar mata, kuma da kuɗin sayar da su take ci. Sanyin bana kuwa ya gangaro daga duwatsu babu sallama. Gangar da ake hura wa wuta don ta tura ruwan zafi ta bututu zuwa kududdufin ta huce tun hantsi. Itace ya ƙare, babu mai sayarwa, kowa shanunsa yake ɗumamawa.

Ta ja mayafi ta nufi maƙabarta cikin yayyafi. Makon jiya aka tone Khiem, aka wanke ƙasusuwansa, aka sauya masa makwanci, kamar yadda ake yi wa kowa a al'adar garin in lokacinsa ya yi. Katakon tsohon akwatin gawarsa na nan jingine a ƙarƙashin rumfar kwano, inda ko kare ba ya raɓa.

Tana janye da shi ta yi kiciɓis da Doan, ƙanen mijin, a kan babur.

"Yaya, kanki ɗaya kuwa? Wannan ko tsinke ba a ɗauka a jikinsa, balle a ƙona!"

"Na yayanka ne. Da ransa ma a gindin gangar nan yake kwana, ni ya bar ni da bargo. Yau ne zai yi wa kifinsa rowa?"

Doan bai yi dariya ba. "Ni dai ban gan ki ba," ya ce, ya murɗa babur ya yi gaba.

Ta faskara ɓari ta cusa a gindin gangar; katakon bai yi gardama ba, nan da nan ya kama. Wutar ba ta yi ƙara ba, hayaƙin kuma ya ƙi tashi sama, ya kwanta yana rarrafe a kan ruwan. Warinsa na daɓen ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Can bututu ya fara kukansa, ruwa ya soma sakin jiki.

Kifayen suka taso. Ba su zo bakin bututu inda ɗumin yake ba, ita ma ba su kula ta ba. Ƙetare suka nufa gaba ɗaya, suka jeru a gefe, kai sama, baki na buɗewa. Sai jerin ya fara matsawa a hankali yana bin gaɓa, ya tsaya, ya sake matsawa, daidai tafiyar mai ɗingishi riƙe da kwanon abinci. Khiem da ƙafar hagu yake ɗingishi.

Babu kowa a ƙetaren.

Tsoro ya kama Thoa, ga kuma wani daɗi a ƙarƙashinsa da ta ji kunyar kanta.

"Kar ka zuba musu da yawa," ta ce, ba ta ɗaga kai ba. "Ruwan zai ɓaci."

Ta jawo gatari, ta shiga faskara sauran katakon ƙanana-ƙanana, don ya daɗe.