Hancin Mai Wanki

Shekara arba'in mai wanki ya yi yana tsoma kwat da barguna a maganin nan mai cin maiƙo ba tare da ruwa ba. Abokan sana'arsa uku tari ya kwashe su, shi kuwa ko mura. Ma'auninsa ɗaya ne: ya kai kaya hanci, in bai ji wari ba, magani ya fita.

Da hantsi 'yarsa ta shigo shagon goye da jaririya.

"Baba, warin nan har ido yake shiga. Ka koma tururi da sabulu mana, kamar na tsallaken titi."

"Wancan ai dafa kaya yake! Wane wari? Na shinshina, tas suke. Kwantar min da amaryata, ta ji laushin bargon manya."

Ta shimfiɗe ta kan bargunan ƙuryar ɗaki, inda ba taga. Yana guga yana ba 'yarsa labarin yadda ya taɓa wanke hannu da maganin ya ci abinci.

Lokacin ba da nono ya yi, ta shiga. Shiru. Sai ihu.

"Baba! Ba ta motsi!"

Ya yar da dutsen guga. Yarinyar ta yi laƙwas, kanta na lilo, leɓenta ya dushe. Ya sungume ta zuwa bakin titi. Tela maƙwabcinsa ya fito da kwali yana yi mata fifita, sai wari ya sa ya kau da kai.

"Subhanallahi! Dattijo, a jarkar maganinka ka tsoma ta?"

Mai wanki ya kai rigarta hanci. Ba komai. Ya ƙara ja da ƙarfi. Iska kawai.

Yarinyar ta yi tari, ta saki kuka siriri. Uwar ta fizge ta, ta tare tasi zuwa asibiti.

"Kada ka biyo mu da kayan jikinka, Baba."

Ya koma ciki, ya buɗe jarkar, ya cusa hanci a bakinta. Kansa ya sara, amma wari babu. Tun yaushe? Barguna nawa ya sallama, 'ya'yan wa suka kwana ciki?

Ya jawo jarkar bakin kwata zai tuntsurar.

"Kul!" in ji tela. "Kwatar nan ta gefen rijiyarmu take bi."

Ya tsaya rungume da ita a tsakar rana, ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa inda zai ajiye.