Mustika a Kofin Khawaja

Abdulghaffar bai taɓa ɗanɗana giya ba ko da bakin yatsa, amma duk unguwar Karantina babu wanda ya kai shi iya ba da labarinta. Sufraji ne a gidan Khawaja Bertran, wani tsohon Bature mai babban matsayi a ofishin jakadancin ƙasarsu a Jidda. Shi ke shimfiɗa tebur, ya jera cokula, ya tsaya bayan kujera da farar riga kamar an kafa shi. Abin da ya tsinta daga bakin ubangidansa da rana, shi yake bajewa a wurin shan gahawa da yamma, yana kaɗa ƙafa, kai ka ce gonar inabin ta kakansa ce.

Khawaja yana da kwalba guda ta farar giyar inabi wadda ya yi shekara ashirin da wani abu yana yawo da ita ƙasa-ƙasa, cikin kayan jakadanci da kwastan ba sa buɗewa. A garin da ake yi wa mutum bulala kan makurwa ɗaya, wannan kwalba ɗaki gare ta nata na kanta. Wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin bene, ba taga, kandishan, na'urar sanyaya ɗaki, na kuka a ciki dare da rana. Tana kwance a kan gefenta, wai idan ta tsaya toshiyar bakinta za ta bushe iska ta shige ta. Masu aikin gidan kuwa suna can ƙarshen fili a ɗakin kwano, suna juyi cikin gumi.

"Ka gane, Baba Bawa," in ji Abdulghaffar wata safiya a kicin, yana goge cokula. Bawa shi ne kukun gidan, dattijon Bahaushe daga Sudan, mai ƙarancin haƙora da yawan baki. "Tana yarinya fara ce kamar ruwa, da ɗan kore-kore, ga tsami kamar ɗanyen lemo, sai ta dasashe maka haƙora. Da ta ɗan shekara sai tsamin ya kwanta. Da ta haura goma sai ta fara rinewa, ta koma ruwan zinariya. Daga nan ƙamshin ke juyawa: zuma, da kakin zuma, da gasasshen lauz mai kama da gyaɗa, da busasshen ɗan itacen mishmish irin na alewar gamardin. Tana yin nauyi a baki kamar mai. In kuma ta wuce lokacinta, halas, ta yi ja kamar shayin jiya, ta mutu."

Bawa bai ɗago daga albasar da yake yanka ba. "Yaushe ka sha?"

"A'uzu billahi."

"To a ina haƙoranka suka dasashe?"

"Ilimi ne, Baba."

"Ilimin ruɓa. Mu a wajenmu in abu ya kwana biyu ya sauya launi ya sauya wari, akuya muke ba wa. Nan an kunna masa kandishan, ni da na yi aikin hajji sau huɗu ina fifita da murfin tukunya. Yalla, miƙo min gishiri, ustazu."

Abdulghaffar ya miƙa masa. Ya saba da bakin tsohon, kuma a kwanakin nan yana da abin da ya fi wannan damunsa. Khawaja Bertran zai yi ritaya ya koma gida. Wanda zai gaje shi, wani saurayi mai suna Khawaja Filip, ya riga ya sauka a otal, kuma direban gidan ya ce ya ji shi yana zancen kawo sufraji daga Beirut. Abdulghaffar a Jidda aka haife shi, ubansa ya zo hajji da ƙafa bai koma ba, amma tsohon ya mutu bai nema musu takardar zama 'yan ƙasa ba. Iƙamarsa, takardar izinin zamansa, a kan gidan nan take, kuma ta kusa ƙarewa. In sabon maigida bai riƙe shi ba, ba shi da kafili mai tsaya masa. In ba kafili, jirgin ruwa ne zuwa ƙasar ubansa da bai taɓa gani ba, inda Hausarsa ma dariya za a yi mata.

Saboda haka da Khawaja Bertran ya ce ranar Alhamis za a yi cin abincin rana na ban kwana, Khawaja Filip zai zo, kuma a ranar za a buɗe kwalbar, sai Abdulghaffar ya ga ƙofa ta buɗe masa. Tebur ne fagensa. In ya nuna kansa a ranar, ɗan Beirut sai ya zauna a Beirut ɗinsa.

Ya kwana biyu yana tunanin abin da zai yi wanda ba a taɓa yi wa baƙon Bature ba. Amsar tana gidansu tun yana yaro. A Jidda, ko matalauci ba ya miƙa wa baƙo mai daraja ruwa a kofi haka tsirara. Sai an zuba garwashi a kasko, an jefa ƙwayar mustika, wani farin ƙaro mai ƙamshi, an kifa kofin a kan hayaƙin har cikinsa ya yi fari, sannan a zuba ruwa. Haka uwarsa take yi wa tulu da kofunan shayi duk ranar da alhazai za su zo. Wanda ya sha sai ya ji ruwan ya yi sanyi ya yi ƙamshi, ya san an girmama shi. Turawa, da duk karatunsu, ba su san wannan ba. Wanke kofi kawai suka sani, kamar gidan makoki.

Ya gangara kasuwar Suk Alawi ya zaɓi mustika mai kyau, fara tas, ba irin rawayar da ake sayar wa 'yan ƙauye ba. Ranar Alhamis da hantsi, Bawa na can yana fama da kifi, ya shige ɗakin ajiyar kwanuka ya ja ƙofa. Ya fito da kofunan gilashi masu dogon wuya, ya turara su ɗaya bayan ɗaya, ya kife su a kan farin zane don kada hayaƙin ya gudu. Ba rabin aiki ya yi musu ba. Kowanne ya sha hayaƙi har ya ƙoshi.

Baƙi suka zo bayan azahar. Akwai Turawa maza da mata, fuskoki sun yi ja kamar an dafa su, da wani attajiri ɗan Lebanon mai shigo da motoci, da Khawaja Filip cikin kwat a wannan zafi. Filip ya karanta Larabci a jami'a, kuma ba ya bari a manta. Larabcin rediyo yake yi wa masu aiki, mai cike da wasula, har direba ya taɓa tambayarsa ko huɗuba zai yi.

Khawaja Bertran da kansa ya shiga lungun ya fito da kwalbar a rungume kamar jinjiri. Da kansa ya buɗe. Wannan dama tsohuwar yarjejeniyarsu ce: Abdulghaffar yana jera kofi, ba ya zubawa, kuma da wannan siririn zare yake ɗaure imaninsa. Giyar ta sauka a kofuna, kuma ba ƙarya, launinta zinariya ne mai duhu, hasken taga na ratsa ta. Tsohon ya ɗaga kofinsa ya juya shi a hankali, ya kai hanci.

Abdulghaffar yana tsaye daura da shi, don haka ya ga abin da ya faru da fuskar. Ba ta ɓaci ba. Tsayawa ta yi cak. Tsohon ya janye hanci, ya sake kaiwa, ya dubi kwalbar, ya dubi toshiyar da ke gefen farantinsa. Kafin ya buɗe baki, Khawaja Filip ya riga shi. Ya kurɓa, ya jujjuya ta a baki kamar mai kurkure, ya lumshe ido, ya saki wani dogon bayani da yarensu, hannunsa na zana da'ira a iska. Matan suka gyaɗa kai. Mazan suka sake shinshinawa, su ma suka gano abin da ya gano. Sannan Filip, don kada iliminsa ya tsaya a yare ɗaya, ya juyo wajen Abdulghaffar.

"Ya kai wannan bawan Allah," ya ce da Larabcinsa na rediyo, "da addininka ya yarje maka, da ka ji abin mamaki. Akwai hayaƙi a cikinta, akwai ƙaron itace, kamar daji bayan gobara. Wannan ba ya samuwa sai da shekaru. Ƙaramar giya ba ta kai nan ba."

"Tamam, Khawaja," in ji Abdulghaffar, zuciyarsa kamar ta fito ta taka rawa a kan tebur.

Ɗan Lebanon ɗin ne kaɗai ya gane abin da aka yi. Mutum ne da ya tashi yana taunar mustika tun yana rarrafe. Ya shinshina sau ɗaya, ya ɗaga ido ya dubi sufraji, ya sa adiko ya rufe baki yana tari, kafaɗunsa na rawa. Khawaja Bertran kuwa, da kowa ya juyo yana jiran hukuncinsa, ya yi wani guntun murmushi ya ce haka ne. Ya kai kofin bakinsa, ya ajiye. Har aka tashi bai ƙara taɓa shi ba.

Baƙi suka koma falo shan gahawa. Abdulghaffar ya kwaso kaya zuwa kicin yana tafiya kamar ango.

"Ka ji abin da sabon ya ce, Baba? Hayaƙi. Ƙaron itace."

Bawa ya ɗauki kofi ɗaya ya kai hanci, ya ajiye, ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ya walad, wa ya aike ka?"

Sai ga Khawaja Bertran ya shigo, kwalbar a hannunsa. A shekarun da Abdulghaffar ya yi a gidan, bai taɓa ganin ƙafar mutumin a kicin ba. Tsohon ya wuce su ya shiga ɗakin kwanuka, inda kaskon ke nan da tokarsa, ya tsaya ya dube shi, ya fito.

"Mene ne?" ya tambaya da gurguwar Larabcinsa.

"Mustika, Khawaja. Mai kyau ce, ta Suk Alawi. Girmamawa ce a wajenmu."

Khawaja ya gyaɗa kai. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauki ƙaramin kofin shayin Bawa, mai tsagaggen baki, ya tsiyaye abin da ya rage a gindin kwalbar. Bai kai cikin cokali biyu ba. Ya shinshina ya daɗe, sannan ya miƙo wa Abdulghaffar daidai hanci.

"Ba sha ba. Shaƙa."

Abdulghaffar ya shaƙa don ba yadda zai yi. Akwai zumar, can nesa. Akwai wani abu kamar lauz. Amma abin da ya fi zo masa shi ne buhun dabinon da aka manta a bayan shago har ya fara tsami. A kan wannan aka kunna kandishan shekara da shekaru. Sai a lokacin ya gane cewa hayaƙin mustikarsa ya binne wannan ƙamshin a kofunan tebur.

Khawaja ya kurɓe ɗan abin, ya riƙe a baki, ya rufe ido. Da ya haɗiye sai ya ce, ba da kowa yake ba, "Daidai lokacinta ne. Ko shekara ɗaya ban makara ba."

"Khawaja, wallahi ni alheri na nufa. Iƙamata..."

"Na sani."

Sai ga Khawaja Filip a bakin ƙofa, yana share gumi, ya biyo sawun mai gida. Ya leƙa kicin kamar mai duba gidan haya, ya nuna Abdulghaffar da haɓa, ya yi tambaya da Larabci don kowa ya ji ya iya. "Wannan fa? An yi mini zancen wani a Beirut. Me kake shawarta?"

Abdulghaffar ya kafa ido a kan tayal. Magana ɗaya ta isa. Amma maganar tana da tsada, domin in tsohon ya ce an turara kofuna, to ya ce magajinsa ya yabi turaren tulu a gaban mata, kuma ya ce shi kansa ya amsa da haka ne. Khawaja Bertran ya ajiye kofin shayin. Ya dubi saurayin mai kwat, ya dubi sufrajin mai farar riga, da irin kallon da ake yi wa takalma biyu na ƙafa ɗaya.

"Ka riƙe shi," ya ce. "Kun dace da juna."

Filip ya ji daɗin maganar ƙwarai. Ya dafa kafaɗar Abdulghaffar, ya ce ya kawo iƙamarsa ofis ranar Asabar, suka fita.

Abdulghaffar ya zauna a kan buhun shinkafa. Bawa ya ɗauki kofin shayinsa da yatsa biyu kamar mushen ɓera, ya riƙe shi nesa da jiki.

"Mabruk, ustazu," ya ce. "Kai ka samu kafili, ni na rasa kofi. Tashi ka wanke min shi da ƙasa."

Abdulghaffar ya tashi ya karɓa.