Minti Biyar a Ruwan Daɗi

Shekara arba'in Baba yana kashe kifi a tekun Jidda ko gezau bai taɓa yi ba, sai ga shi yau yana hawaye a kan guda ɗaya da bai kai tafin hannu ba.

Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar fita kamun kifi, muka kafa masa tankin gilashi a falo, da ruwan gishiri da duwatsun teku. A gabansa yake wuni. Cikin kifayen akwai wani mai ratsin shuɗi da ya sa wa suna Kyaftin, da shi yake hira, shi yake kai wa ƙarar mu.

Mijin yayata, Talal, shi ya jawo mana. Wata Juma'a ya shigo da kifi a leda, wai tsaraba. Na ce a ware baƙon kifin a ƙaramin tankin ɗakin ajiya wata guda don gudun cuta, kamar yadda ake yi. Baba ya harare ni.

"Surukina ya kawo kyauta ki kai ta ɗakin ajiya kamar mai kuturta? Ba a gidana ba."

Ya sa aka tura kekensa na marasa lafiya, da hannunsa mai lafiya ya juye ledar a tankin falo, Talal na kurɓar gahawa yana murmushi kamar wanda ya gina masallaci.

Kwana goma baƙon ya mutu, biyu suka bi shi. Kyaftin ya daina cin abinci, yana goga jikinsa a dutse, kumatunsa na buɗewa da rufewa da sauri. Abu Rakan mai shagon kifi ya kalli hoton a wayata ya ce ƙwari ne suka manne masa a wurin numfashi.

"Ki tsoma shi a ruwan daɗi marar gishiri minti biyar, ƙwarin su saki. Zai kwanta kamar ya mutu, kar ki tsorata. Daga nan sai ƙaramin tanki da magani."

Da na faɗa wa Baba, sai da ya daki hannun kekensa.

"Kifin teku a ruwan shayi? Ke Jawahir, wannan Abu Rakan ɗin ya taɓa hawa jirgi? Ko a baho ba na jin ya iya iyo!"

"Baba, in an bar shi ba zai kai jibi ba."

Ya kalli Kyaftin, ya kau da kai. Na daidaita ɗumin ruwan a roba, na kamo Kyaftin da raga, na sake shi ciki. Wallahi tsoro nake ji.

Ya zaga sau biyu, sannan ya kwanta a gefe ɗaya.

"Fito da shi!"

"Minti ɗaya kawai aka yi, Baba."

"Na ce ki fito da shi! Ni za ki koya wa mataccen kifi?"

Tunda nake ban taɓa yi masa musu ba. Na tsaya tsakaninsa da robar, na juya masa baya, idona a kan agogon waya. Ina jin yana ƙoƙarin turo keken da hannu ɗaya yana zagaye a wuri guda. In kifin nan ya mutu a hannuna, na san Baba ba zai sake kallon tankin ba, ni ma ba lallai ya kalle ni ba.

A minti na uku wasu fararen abubuwa kamar riɗi suka fara zubowa daga jikinsa. Na matsa gefe na nuna wa Baba. Ya leƙa, ya daina turo keken.

Biyar na cika na mayar da Kyaftin ƙaramin tankin da ke ɗakin ajiya. Ya sauka ƙasa ya lafe, yana numfashi dai, amma bai tashi ba.

Baba ya sa na tura shi har bakin ƙofa.

"Zai rayu?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya share fuska da gefen rigarsa.

"Ni na zuba masa cutar nan da hannuna don kar Talal ya ji kunya. Shigar da ni ciki, ki kawo min abincina nan."