Tsagar da Mai Filasta Ya Toshe

Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Da jikata ta jingina allon nan a bango, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, na gane abin da ta yi, ko da yake ba bishiya ba tsuntsu a jikinsa. Laka ta shafa da tafin hannu, ta manna ɓawon itace da yashi da tsumma shuɗi, ta shanya a rana har lakar ta tsattsage. Rafin bayan gonata ne sak, a ƙarshen rani. Bokiti ɗaya ta samu na lakar kafin a cike wurin a yi gini. Wata biyu tana fama, ranar Asabar za a kai shi baje kolin zane.

Ran Laraba da hantsi ta fita sayo igiyar ratayewa, ni kuma na je a duba min gwiwa. Sai ga ɗan ƙanena, mai filasta, ya zo gaisuwa da kayan aikinsa. Mutumin nan ba ya iya ganin tsaga ya wuce.

Na dawo na tarar da yarinya durƙushe, ko kuka ta kasa. Rabin allon ya yi fari fat, sumul kamar bangon asibiti. Shi kuwa gogan yana wanke cokalinsa na filasta yana murmushi.

"Baba, ka ga yadda na rufa mata asiri? Duk ya fashe. Da an kai shi haka, ai sai a yi mana dariya."

"Wa ya sa ka?"

"Haba Baba, taimako ne."

"Taimako! Kai da ka ga tsufa ya tsaga min goshi, sai ka zo ka shafe ni?"

"To ni ina na san da gangan ne? Wa ke son abu a fashe?"

"Bakin da ka zo gaishe ni da shi, ba ya tambaya?"

Jikata ta ce a hankali, "Kawu, ba ni da sauran lakar."

Nan murmushin ya ɗauke.

Na aika aka karɓo allurar ɗinkin buhu da tsohon buroshin haƙori. Na zaunar da shi a ƙasa, ƙato da gemunsa, ita tana nuna masa tsaga ɗaya bayan ɗaya yana tono farin yana hurewa. Kwana uku bai je aiki ba. Duk sanda ya ce bayansa, sai in ce nawa ya fi nasa shekaru.

Rafin ya fito, amma gefen ƙasa ya ruguje, kamar faɗin tafi biyu. Wannan ya tafi ke nan.

Ran Asabar ya miƙo hannu zai ɗauki allon zuwa mota. Na tare shi da sandata.

"Direba zai ɗauka. Kai ka biyo mu a baya, hannuwanka a aljihu."