Idon Fadama

Me ya kai Tauno fadama da shebur a safiyar nan? Tone furannin da ake gadi ya je yi, ko ganin tsohon wurin yankar lakarsa kawai? Ko shi bai taɓa faɗa ba.

Tun zamanin kakansa gidansu ke yankar baƙar laka a nan, su busar, su shimfiɗa wa shanu lokacin ƙanƙara. Sai Aimo, abokinsa na ƙuruciya, ya gano wani farin fure da ba ya fitowa ko'ina a lardin, ya je ya kawo hukuma. Aka killace fadamar, aka hana yankar laka, aka ba Aimo gadinta. Tauno ya sayar da shanunsa.

Yana tafe kan katakon da aka jera wa masu wucewa, sai ya ji ihu. Aimo ne, ya zurma har ƙugu cikin abin da suke kira idon fadama: sama kore shar, ƙasa babu iyaka. Tsakaninsa da katakon akwai ɗan tudu, a kansa furannin suka tsiro.

"A'a, maigadi! Wanka ake yi?"

"Tauno, bar wasa, ƙafafuna sun sandare. Zagayo ta baya ka miƙo mini shebur ɗin."

"Ga tudu a gabanka. Kama ka jawo kanka mana."

"Su ke nan suka rage a nan. In na hau kansu, sun ƙare."

"To ni doka ta hana ni sauka daga kan katako. Ba da hannunka ka kafa allon gargaɗin ba?"

Tauno ya san hanyar baya sarai, ubansa ya nuna masa inda ake takawa. Amma ya nemi wuri ya zauna, ya buɗe fulas ya tsiyaya kofi.

"Ba zan taɓa su ba," in ji Aimo, haƙoransa na kaɗawa. "Mugu kawai!"

"Ba sauri nake yi ba. Ai ba ni da shanun da ke jira na."

Sauro ya yi ta kuka a tsakaninsu. Baƙin ruwan ya kai ƙirji, ya doshi hammata. Aimo ya dubi Tauno, ya ga babu alamar zai tashi. Sai ya miƙa hannu biyu ya cusa yatsu cikin furannin, ya ja. Saiwoyinsu suka riƙa tsinkewa. Ya sake damƙa, ya hau tudun da rarrafe, yana kuka.

Sai da cikin Aimo ya murƙushe fure na ƙarshe, sannan Tauno ya miƙa masa ƙotar shebur.