Ƙamshin Hadari a Siton Lawan

"Ku ɗaga shi zaune, kar ku bari ya kwanta!" in ji Madam Virginia, nas ɗin da ke haya a gidan da ke kallon nasu.

Uwani ta tallabo kafaɗar Baba Mu'azu. Uwarta, Inna Lami, tana yi masa fifita da faifai. Ƙirjinsa sai fito yake kamar butar shayi.

"Rufin nan yoyo yake," ya ce da ƙyar. "Ku faɗa wa Injiniya."

"Wane yoyo, Baba? Ko yayyafi ba a yi ba bana."

"Da hancina na ji ruwa, 'yar nan."

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da shi a Gyadi-Gyadi. Tun da uban Uwani ya rasu, shi ne ubansu a unguwa. Gadin siton hatsi yake yi a Tarauni, kuma duk duniya ba abin da yake tsoro kamar lema. Masara ta ji damshi, sai fumfuna, sai a zubar.

Shekarar ce soja suka koma bariki, kowa ya tashi da sabon suna. Mai faci ya zama Honarabul. Lawan, ɗan mai siton, wanda aka sani da gyaran fanka, ya je Legas ya dawo Injiniya, da kwat, da tabarau, da wata na'ura kamar ƙaramin firji. Iskar ozon take fitarwa. A toshe sito, a kunna, iskar ta ratsa buhuna ta kashe fumfuna. Tana kashewa kuwa, Uwani ba ta musa ba. Abin da bai gaya wa mai gadi ba shi ne, ba a shiga sai an kashe ta, an buɗe ko'ina ta fice. Kuma warinta irin na hadari ne in ya taso.

Ran da abin ya faru, Baba Mu'azu ya zo sito da safe, ya ji ƙamshin ruwa ta ƙasan ƙofa. Ya cire kwaɗo, ya shiga, ya ja ƙofar, tunda Injiniya ya ce kar a bar ta a buɗe. Ya hau kan buhuna da tocila yana bin kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ke fama da asma tun yana saurayi.

A asibiti ya cika, ran Alhamis, yana ta cigiyar tsani.

Lawan ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare. Uwani tana bayan ƙyauren soro ta ji shi yana wa maza bayani.

"Kwana ne ya ƙare. Dama yana da tarinsa. Iskar nan ai ko jariri ya shaƙa ba abin da zai same shi."

Da zai fita ta tare shi. "Yaya Lawan, me ya hana ka gaya masa?"

"Injiniya," ya gyara mata. "Ke, ina tsoho zai gane kimiyya?"

Da Uwani ta zo wanke rigar Baba, sai ga kwaɗon sito a aljihu. Ta ajiye, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ran bikin nuna na'ura ga masu saye aka kafa rumfa a bakin sito, kujerun roba, lemo, 'yan kasuwar hatsi, da Honarabul mai faci cikin babbar riga. Uwani ta sauka daga acaɓa ta tsaya a gefe har Lawan ya gama Turancinsa. Sannan ta durƙusa gaban Honarabul.

"Ranka ya daɗe, ni jahila ce. Amma a gidan makoki Injiniya ya ce ko jariri zai shaƙa. Na ce bari in zo in ga babba ya shaƙa."

Honarabul ya fashe da dariya. "To, Injiniya, bismillah mana."

Lawan ya dubi jama'a, ya dubi ƙofa. Na'ura tana ta gunji a ciki. Ya gyara kwat, ya shiga. Uwani ta ja masa ƙofar, tunda ba a barinta a buɗe, ta saƙala kwaɗon Baba, ba ta datse ba. Yatsanta yana kan kwaɗon.

Tari ya fara. Sai bugun ƙofa.

"Buɗe! Uwani, buɗe!"

Ta kai bakinta jikin katako. "Injiniya, ka ga inda yake yoyon?"

"Don Allah!"

"Hau kan buhunan. Daga can aka fi gani."

Maza suka taso suna salati. Yatsan nan ya daɗe a kan ƙarfen kafin ta zare kwaɗon. Lawan ya faɗo da rarrafe, ba tabarau, majina har haɓa. Ba wanda ya sake maganar saye. Honarabul ya tattare riga ya nufi mota da lemonsa a hannu.

Da Uwani ta koma gida, Inna Lami ta riga ta ji labari. Ko kallonta ba ta yi ba, tana ta tankaɗe.

Da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta kawo ƙamshin ruwan farko. Uwani ta toshe hanci da gefen mayafi, ta fita ta kwashe rigar Baba daga igiya. Kwaɗon yana kan turmi inda ta ajiye shi da ta dawo, a buɗe, yayyafi yana sauka a kansa.