Ƙofar da Ƙanena Ya Kafa

...to ita ma ƙofar ɗakin likitar a karkace take. Wane kafinta ne ya kafa ta? Taga ma haka. Layin tayil ɗin ƙasa ya lanƙwashe kamar igiyar shanya. Duk kafintocin duniya sun lalace ke nan, ni kaɗai na rage?

Likitar, wadda na girmi ubanta, wai can a bayan ido akwai wani ɗan gurbi, bai fi kan ƙusa ba, shi ke ganin duk abin da ka sa a gaba. A ƙarƙashinsa akwai wasu ƙwayoyi masu share datti. Tsufa ya gajiyar da su, dattin yana taruwa, rawaya-rawaya, yana tura wurin sama kamar falankin da ruwa ya shiga ya kumbura. Shi ya sa miƙaƙƙen layi ke... Ni za a koya wa miƙaƙƙen layi? Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaga katako in kanne ido ɗaya, ko ma'auni ba na nema.

Taba, in ji ta. Tabar da na bari shekara tara? Wai ta riga ta yi ɓarnarta. Ga hawan jini. Ga gado. Inna kuwa... da ta tsufa ta gefen ido take kallonmu, muna cewa harara ce, ashe tsakiyar ganin ce ta tafi.

Babu warkewa, sai dai a rage wa ciwon gudu. Ga takarda mai layi-layi, in manna a bango ina dubawa kamar ɗan firamare. Kuma a kawo 'yan'uwa na jini a duba su. 'Yan'uwa... ƙanena kaɗai ya rage.

Ƙofar gidan wani mutum da muka yi wa aiki. Sau uku ina sa ƙanen nawa ya cire ya sake kafawa, ina cewa a karkace take. Yana ɗora ma'auni yana nuna min, ina cewa ma'aunin ne ya lalace. A gaban mai gida na ce hannunsa ya mutu.

"Yaya, wallahi daidai take."

Ya zuba kayan aikinsa a buhu ya fita. Wata bakwai ke nan, ko gaisuwa.

Ga lambarsa a waya, tsakiyarta ta zama toka-toka, amma na haddace ta. Kunya ta ishe ni. In ce masa me? Zo a duba idonka? Shi da idonsa ya ga daidai... Daidai take. Tun karon farko daidai take.